Turmin Inna da Daɓen Alhaji

Jama'a, yau saura ƙiris daɓen siminti ya kai ni gaban alƙali!

Kun san an mayar da ni makarantar Durun. Tun safe nake ɗaure kaya, bayana kamar zai ɓalle. Sai ga Alhaji, mai gidan da na shekara shida ina haya a Gwarzo, ya zo dubawa. Fentin da ya koɗe, ya ce tsufa ne. Baƙin hayaƙin madafa ma ya yafe. Muna isa gindin darbejiya ya ja ya tsaya. Daɓen wurin ya lotsa, ya tsattsage.

"Malama Rahila, wannan kam ɓarna ce! Daka kike yi a nan. Ko ki gyara, ko mu je wurin alƙali."

Na ce, "Alhaji, ko turmi ba ni da shi! Inji nake kaiwa."

Ya ƙi ji. Muna cikin haka sai ga sallama. Inna ce, mahaifiyarsa, ta mirgino turminta kamar kullum, wai inuwata ta fi tata. Ta dasa shi cikin lotsawar nan. Ya zauna cif!

Ta ce, "Ku matsa mini, rana na yi."

Na ce, "Alhaji, da Inna za mu tafi kotun?"

Ya gyara hula, ya karɓi makulli, ya fice. Ni kuwa ga ni zaune kan katifa, motar kaya shiru, Inna na ta lugude.