Jan Irin da Aka Wanke a Gangara

A shekara ta biyu ta farin nan nake aiki a wani ɗan ofishin raba iri a Isa. Ni kaɗai ce mace, kuma saboda haka ma aka ɗauke ni: maza iyakarsu zaure, ni kuwa har madafa nake kutsawa in yi wa matan gida bayani.

Manajanmu mutum ne mai tsari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Takarda ba ta kwana a teburinsa, ƙarfe takwas kuwa ko agogo sai ya duba shi ya gyara kansa. Akwai kuma wani dattijo mai riƙon makullin sito, muna ce masa Baba. Bai yi boko ba, kujera ma ba shi da ita, a kan buhu yake zama.

Ana daf da damina aka kawo mana irin gero, an cuɗe shi da maganin ƙwari ya yi ja wur. Manaja ya tsara rabo: layi, suna, dangwale, kwana biyu an gama. Baba ya tuɓe takalmi ya shiga ofis.

"Yallaɓai, mutanen ga sun canye irinsu tun bara. Kak ka ba mai jin yunwa hatsi ga hannu. Mu kai shi gona, a yi binne gaban idonmu."

Binne shi ne a tura iri cikin busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko, yadda mutanenmu suka saba.

Manaja ya ce umarnin da aka aiko rabo ya ce, ba shuka ba, kuma ai ga hoton ƙoƙon kai a jikin buhu. Ni da bakina na goyi bayansa. Har cewa na yi Baba ya cika kawo ƙauli da ba'adi. Ni ce ma na riƙe tawadar dangwale.

Bayan kwana uku aka tura ni ƙauyen Gangara in ga ko an fara shuka. Na yi sallama a gida na farko, na tarar da wata dattijuwa a tsugune da ƙwarya tana wanke hatsi. Ruwan da take tsiyayewa ja ne, yana bin ƙasa har gindin turmi. Jikokinta uku suna zaune kowa da ƙoƙonsa, suna jira.

Ban san lokacin da na fizge ƙwaryar ba.

"Inna! Guba ta! Don mi kika yi haka?"

Ko tsawa ba ta yi mini ba. "Ɗiyata, sau ukku ni wanke shi. Dubi, ya kusa hwari." Ta miƙo hannu. "Ba ni, kwanansu biyu ba su ga wuta ba."

Na shiga gida biyar, huɗu na tarar ana wanki. A na biyar tuni an ci, yara biyu na kwance suna ta amai, akuyar da ta sha ruwan wankin kuwa ta miƙe ƙafafu a bakin danga. Na roƙe su don girman Allah kada kowa ya ɗora tukunya, na tari mota zuwa Sabon Birni, daga can Isa.

Na faɗa ofishin manaja ba sallama, na zazzage masa. Ya saurara tsaf, ya ce subhanallahi. Sai ya jawo fayil ya buɗe, ya juyo mini da shi. A saman kowane shafi an rubuta cewa an gargaɗi mai karɓa, ga dangwale reras a ƙasa.

"Kin gani? Mu mun hita. Rubuto rahoto, za ni kira taro ran Littinin."

Ranar Alhamis ce fa. Wallahi jan ruwan nan bai girgiza ni kamar natsuwar fuskarsa ba. Mutumin nan ba mugu ba ne, shi dai ya duba ya ga aikinsa ya cika.

Baba yana bakin ƙofa, ya ji komai. Bai ce "ai na faɗa" ba. Ya sa takalminsa ya dubi direban babbar motarmu.

"Za ni Gangara. Ban da ikon sa ka."

Direba ya miƙe. Leburori shida da ke inuwa suka kakkaɓe wando suka hau baya, ba wanda ya kira su. Ni ma na hau gaba.

Na ɗauka hanya za mu kama, sai na ga mun tsaya a ƙofar gidan Baba. Ya sa aka buɗe rumbunsa, aka yi ta fito da dammunan tsohon gero, abincin iyalinsa na damina. Matarsa tana tsaye tana kallo. Ni ce na kasa haƙuri.

"Baba, ku hwa mi za ku ci?"

"Mu dai yau mun ci," in ji shi.

A Gangara ya aika direba da yaran nan biyu asibiti. Ya bi gida gida yana musaya, a miƙo masa jan iri ya ba da damen gero. Washegari ya ɗauki sungumi ya shiga gaba yana sara, mutanen gari na biye suna zuba iri suna takewa. Kwana uku muka yi, ba ƙwaya ɗaya da ta koma cikin gida.

Ranar Litinin manaja ya yi taronsa. Ya yaba da rahotona, sannan ya ba ni takarda in buga: tuhuma ga mai sito, kan fita da motar ofis ba izini. Na buga, Allah ya yafe mini, ina tsoron aikina.

Na sami Baba a kan buhunsa, na karanta masa. Ya gyaɗa kai.

"Gaskiya tai, ban tambaya ba. Ɗiyan nan sun bar amai?"

Na ce sun bari, har sun sha kunu. Ya ce alhamdu lillahi, ya miƙo babban yatsa don dangwale. Na buɗe tawadar nan tawa, na kama hannunsa. Yatsan duk ya tsattsage, jan maganin ya shige cikin tsagar bai fita ba. Na kasa dannawa, sai shi ya danna da kansa.