Ranar da Na Ci Abincin Malam Bitrus

Laraba, fita daga gida

Na bar gida ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar asuba, da ɗan buhun shinkafar gonata a kafaɗa. Alkawarinmu da Malam Bitrus ƙarfe ɗaya ne na rana, kuma daga ƙauyenmu zuwa Sakkwato bai kai tafiyar awa uku ba ko da mota ta lalace. Kulu, mai ɗakina, ta biyo ni har zaure.

"Malam Altine, Sakkwaton gudu taka yi ne? Tsaya ka sha kunu."

"Ya ce kada in ci komai."

"To, Allah shi sa wannan karon ka ci nashi," in ji ta, ta koma ciki.

Bari in gaya wa wanda bai sani ba. Malam Bitrus mutumin Filato ne, Kirista, ya koyar a firamaren ƙauyenmu shekara ashirin da shida. 'Ya'yana huɗu duk ta hannunsa suka bi. Da ya yi ritaya sai ya koma cikin Sakkwato da iyalinsa, bara kuma matarsa ta rasu. Yanzu zai koma garinsu gaba ɗaya. Shi ne ya kira ni a waya ya ce in zo mu yi sallama, kuma shi zai ciyar da ni a shagon fiza, wani abincin Turawa, inda 'yarsa Rifkatu take aiki.

A nan damuwata take. Mutumin nan ya ci tuwo a gidana sau ba adadi, amma ni ban taɓa sa hannu a kwanonsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ne shaidata. Ni mutum ne mai waswasi, wanda zai yi alwala sau uku don yana shakkar ko ya wanke gwiwar hannu. Kullum tunanina shi ne wa ya yanka naman. Na tambayi malamai biyu, duka suka ce babu laifi, amma zuciyata ta ƙi zama. Don haka duk ranar da aka kawo mini kwano daga gidansa sai in ce na ƙoshi, ko cikina ba daɗi.

Daga bakin gulbi zuwa Wamakko

Na isa bakin gulbi shida da minti goma. Ruwa bai gama janyewa ba, sai da muka shiga kwalekwale, mu bakwai da babur ɗaya. Na rungume buhuna a cinya har muka haye. Daga nan na hau kabu-kabu, tafiyar kamar kilomita shida, muka shiga Wamakko bakwai da minti biyar.

Motar Sakkwato ta cika bakwai da rabi. Direban ya so ya jefa buhuna a but tare da jarkokin mai, na ƙi.

"Baba, zinariya ce ciki?"

"Tsaraba ce. Kada ta ɗauki wari."

"To riƙe abinka, amma kada ka ce na matse ka."

Mun tarar da shinge ɗaya kafin shiga gari. Jami'in ya leƙo, ya taɓa buhun, ya tambaya ko ta bana ce. Na ce ta bana ce, ya ce Allah shi yi albarka, muka wuce. Tsakanin Wamakko da Sakkwato bai fi kilomita goma sha biyar ba a lissafina. Muka sauka takwas da minti goma.

Ƙofar Kware

Sauran awa biyar kafin alkawari, sai na nufi gidan ɗan baffana Ladan a Ƙofar Kware, inda zan kwana. Na iske shi yana karyawa da ƙosai da koko. Ya turo mini kwano, na ce na yi alkawarin zuwa da yunwata.

"Mi za a ba ka da kaka tsaron ciki haka?"

"Wai fiza."

Ladan ya yi dariya har ya ƙware. "Kai? Kai da ba ka cin tsiren tasha sai ka ga mahaucin da idonka? Abincin Turawa ne fa. Akwai wani jan nama da suka yayyanka kamar kwabbai, Allah kaɗai ya san mi ke ciki."

Wasa yake yi, na sani, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Na kwanta a tabarma ina kallon rufi har sha biyu. Sau biyu na ɗauki waya don in ce wa Malam Bitrus zazzaɓi ya kama ni. Sau biyu na ajiye.

Gidan Dahala

Sha biyu da kwata na hau keke mai ƙafa uku, wanda muke kira agwagwa da buje, zuwa unguwar Gidan Dahala, inda Malam Bitrus yake zaune. Minti ashirin muka yi. Na sami Malam Bitrus zaune a kan akwati a tsakar ɗaki. An sauke labule, an naɗe katifa, sai alamun hotuna a bango. Ya rame, gashinsa ya yi fari fat.

"Altine! Na ce wa Rifkatu za ka zo kafin lokaci. Tun yaushe kake gari?"

"Ban daɗe ba."

"Ƙarya kake. Tun takwas kana nan."

Na ba shi shinkafar. Ya buɗe, ya ɗebo a tafin hannu, ya shinshina. Sannan ya ce a garinsu ba a samun irinta. Muka zauna muna ta ambaton mutanen ƙauye, waɗanda suke raye da waɗanda suka riga mu. Da aka kira azahar ya raka ni masallacin unguwa, ya zauna a benci a waje yana jirana, kamar yadda yake yi a da.

Shagon fiza

Mun isa shagon biyu da minti goma, tafiyar ƙafa ce ta minti bakwai. Wurin cike yake da ɗalibai da mata da 'ya'yansu, ga masu babura suna ta fita da kwalaye. Sanyin na'ura ya doke ni, ƙamshin burodi mai zafi ya tashe mini yunwa. Rifkatu ta fito daga bayan kantar shagon, ta durƙusa ta gaishe ni. A ƙauyenmu aka haife ta, Sakkwatancinta ya fi na ubanta nisa.

"Baba Altine, sannu da hanya. Ina Inna Kulu? Ina su Hadiza?"

Ta samo mana tebur a lungu, ta kawo takarda mai hotunan abinci. Malam Bitrus ya tura mini ita.

"Yau kai ne baƙona. Zaɓi."

Ita fiza kamar faifai take, burodi ne shimfiɗaɗɗe da aka shafa wa tumatir, aka zuba cuku da kayan haɗi, aka gasa. Na ƙirga iri tara. Akwai ta naman sa, akwai ta tsire, akwai ta kaza da attarugu. Ga kuma ta jan naman da Ladan ya faɗa, zagaye-zagaye, suna kallona. Na bi layi da yatsa a hankali kamar ɗan aji biyu. Can ƙasa na ga wata da babu komai a kanta sai tattasai da albasa da masara. Zuciyata ta yi sanyi.

"Wannan," na ce. "Ka san haƙorana yanzu ba su son nama."

Malam Bitrus ya dubi hoton, ya gyaɗa kai. Bai ɓata rai ba, bai yi mamaki ba.

"To, Rifkatu, a kawo mana ta ganye, babba."

Ya ninke takardar ya ajiye gefe. Da ya yi fushi da ya fi mini sauƙi. Abin da na gani a fuskarsa shi ne mutumin da ya riga ya san amsar tun kafin ya yi tambaya. A daidai lokacin direban da zai ɗauki kayansa ya kira, sai ya fita waje don ya ji sosai.

Rifkatu ba ta tafi ba. Ta tsaya tana juya biro a hannu.

"Baba, in yi magana ba ka jin haushi?"

"Faɗi, ɗiyata."

"Ka tuna kuna yi wa Babanmu tsiya, wai yana tsoron jini, ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kai wa Sani mahauci?"

Na tuna mana. Ni ne ma kan gaba wajen tsiyar. In ya wuce da kaza a hammata sai in ce masa malamin makaranta guda, wuƙa ta gagare shi.

"Ba tsoro ba ne. A garinsu shi ke yanka akuya ranar Kirsimeti. Mama ce ta ce kada a ƙara yanka komai a gidanmu, a riƙa kai wa mahauci, ko wata rana Baba Altine zai ci. Ta hana a gaya maka, wai kada ka ji kunya."

Na rasa inda zan sa idona. Na tuna farin kwanon nan mai murfi da ake aiko mini duk ƙarshen shekara, da yadda nake mayar da shi ko buɗewa ban yi ba. Matar da ta dafa tana kabari, ba ta inda zan bi in ce mata ta yafe mini.

"Rifkatu, mamanki ta taɓa cin abin nan?"

"Sau biyu na kai mata. Ta kaza da attarugu take so. Wai sauran ba su da rai."

"Soke ta ganyen. Kawo wannan."

"To. Naman shagon nan kuwa, Baba, daga wajen..."

Na ɗaga mata hannu. Wallahi ina son in ji, kunnena har ƙaiƙayi yake yi. Amma na ga in na saurara, to mahaucin na yarda da shi, ba ubanta ba.

"Kada ki gaya mini. Tunda shi ya kawo ni, ya isa."

An kawo ta uku saura minti ashirin, tana tururi, an yanka ta gida takwas. Malam Bitrus ya dawo ya zauna, ya dubi tsokokin kaza a kai, ya ɗaga murya.

"Rifkatu, kin kawo ta wasu."

"Tamu ce," na ce. "Ni na canza."

"Haƙoran fa?"

"Sun warke."

Ya dube ni, ya dubi 'yarsa da ta yi kamar tana goge tebur. Ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa, ni kuma na yi bisimilla na ɗauki yanki. Cukun ya biyo ni yana miƙewa kamar danƙo, na rasa yadda zan raba shi da gemuna. Gaskiya ba zan ce ta fi tuwon shinkafa ba. Tana da tsami-tsami, ga maiƙo, attarugun kuma ba na wasa ba ne. Amma na ci yanki huɗu, shi ya ci uku, muka yi ta tura wa juna na ƙarshe.

"Shekara ashirin da shida ina son in ga yadda kake tauna abincina," in ji shi. "Ashe kamar raƙumi."

"Kai kuma ashe ka iya wuƙa."

Ya dubi yankin da ya rage. Sannan ya ce, a hankali, "Da maman Rifkatu tana nan da ta ƙara maka."

Na cinye na ƙarshen.

Alhamis, tasha da komawa

Na kwana gidan Ladan. Na zaci waswasi zai hana ni sukuni kamar yadda ya saba. Ya zo kuwa, amma ba a kan naman ba. A kan kwanukan da na mayar ya zo.

Shida da rabi na safe ina babbar tasha. An ɗaure akwatunansa a saman mota, buhun shinkafar kuwa ya ƙi yarda a ɗora, ya sa shi tsakanin ƙafafunsa. Rifkatu za ta zauna a Sakkwato saboda aikinta, na yi masa alkawarin gidana gidanta ne. Motar ta tashi bakwai da minti ashirin. Ya fito da hannu ta taga.

"Altine, in ka zo garinmu ni zan yi girki, kuma ban iya ba."

"Dafa haka nan. Ina ci."

Na tsaya har motar ta sha kwana, na ƙara tsayuwa kaɗan ko da yake babu abin gani.

Na sami motar Wamakko takwas da kwata, na haye gulbi goma saura, na shiga gida goma da minti ashirin. Hanyata ta bi ta gaban tsohon gidan malamai inda suka zauna. Wani sabon malami ne a ciki yanzu, ya yi shanya a igiyar da matar Malam Bitrus ta ɗaura.

Kulu tana tsakar gida tana sheƙar gero. Ba ta bari na ajiye takalmi ba.

"Ka ci?"

"Na ci."

"Alhamdu lillahi. Da daɗi?"

"Na makara ne kawai, Kulu."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Ladan da masauki, da Rifkatu da ta faɗa mini abin da aka hana ta faɗa. Malam Bitrus kuwa ya kira ranar Juma'a ya ce ya sauka lafiya. An ce tafiyar yini guda ce cur zuwa garinsu, da shingaye da yawa, ni kuma ban taɓa wuce Gusau ba. Na fara tambayar direbobi hanya. In mun gama shigar da shinkafa, Allah ya ba ni rai da lafiya in je in zauna a gaban kwanonsa.