Ranar da 'Yardada Ta Ajiye Mayafi

'Yardada ta unguwar Soron Ɗinki mace ce mai rufin asiri har ya yi yawa. Mijinta Muttaka wanzami ne mai fama da farfaɗiya, amma shekara goma sha takwas ko maƙwabta ba su sani ba. A soron gida yake aski, ita kuma idonta na kansa ta bayan labule. Da ya fara tanɗe baki, alamar ciwon zai tashi, sai ta ƙwala masa kira ya shigo, ta lulluɓe shi da mayafi, ta ce Malam na hutawa. Wa zai miƙa kansa ga askar mai farfaɗiya?

'Yan shekaru bayan sojoji sun koma bariki, ciwon ya fi ƙarfin magani. Muttaka ya rataye zabirarsa ya zauna jugum, abin tausayi. Ƙanensa Hambali ya kai su wani asibiti a Alƙahira.

Likita ta yi bayani, Hambali na fassarawa. In ciwon ya tashi, jini kan yi yawa daidai inda ya faro a ƙwaƙwalwa. A 'yan daƙiƙun farko za a yi masa allura, sannan na'ura ta ɗauki hoto, a ga wurin da za a yi aiki.

Rana ta biyu Muttaka ya tanɗe baki. Hannun 'Yardada ya riga hankalinta, ta rufe shi ruf. Da nas ta leƙo, har da yi mata alamar barci yake.

Hambali kamar ya yi kuka. "Haba Yaya! Mun ƙetaro ƙasashe don a gani, ke kina ɓoyewa?"

Saura kwana ɗaya a sallame su. 'Yardada ta ninke mayafin ta ba Hambali ajiya, ta yafa ɗan gyale, ta zauna a kan hannayenta. Da hantsi bakin Muttaka ya motsa.

"Ga ta nan! Farfaɗiya! Ku zo!"

Ba ta taɓa furta kalmar da ƙarfi ba sai ranar. Nas ta sheƙo da allura.

A hoton, ɗan tabo ne kamar ƙwayar gyaɗa. 'Yardada ta daɗe tana hararar sa. "Ashe kai ka hana ni zuwa biki shekara da shekaru?"

An yi aiki, aka shekara lafiya ƙalau, Muttaka ya sauke zabira ya koma aski. Yanzu duk wanda ya zauna aski, sai 'Yardada ta aiko masa da hoton ya gani tukuna.