Fangali Ɗaya, Sannan Na Gaba

Fartanya tana hannuna, ruwan madatsar Bakolori yana kwarara cikin lambun albasar Kawu Sani, amma hankalina yana Bakura, inda ɗiyata take dakon haihuwar fari. Kwana huɗu ke nan ƙirjina yana luguden fargaba: in naƙuda ta zo babu mota fa? In aka nemi jini fa?

Cikin wannan ruɗani na fasa bakin fangalin albasa shida lokaci guda don ruwa ya shiga. Ruwa ya rarrabu, ko ɗaya bai ƙoshi ba.

Kawu ya karɓe fartanyar yana dariya.

"Malam mai baitoci, albasata za ka kashe? Toshe biyar, ka bar guda shi sha! Halan haka kaka yi ma zuciyarka? Cikin damuwowin ga naka, wacce ka iya kamawa yau?"

Na nisa, na ce, "Mota, Kawu."

"To kira direba. Sauran su jira."

Nan take na kira wani direba maƙwabcinta, ya ce motarsa tana ƙofar gida, ko yaushe aka buƙata. Numfashina ya sauka kamar ruwa cikin ƙasa mai ƙishi. Gobe kuma batun jini, in Allah Ya kai mu.

Ban ce fargaba ta ƙaura ba. Na dai koya mata bin layi.

'Yan'uwa, ku wane fangali kuke fara shayarwa in damuwa ta yi ambaliya?