Masu Daɓe a Cikin Ɗana

Shekarar da anka ba mu mulkin kai na haifi ɗana na fari a Geza, bakwaini ne, kuma tun ran suna hankalina bai kwanta ba, don duk abin da ya shiga cikinsa sai ya fito da maiƙo. In na wanke tsummansa mai ne ke tasowa bisa ruwa. Uwar mijina, Inna, ta ce rama ce, a ƙara mishi man shanu. Muna ɗura mishi, shi ko yana ƙara kanjamewa, har na fara ƙirga haƙarƙarinsa da ido.

Ran kasuwar Dole Kaina na goya shi zan kai wa wani mai magani. Rana tsaka ce, wallahi, cikin jirgin ruwa cike da mutane. Wata tsohuwa da ta shigo daga ɓangaren Dahome ta zauna gefena, ta shinshina tsumman, ta ce, "Ke ɗiyata, wa ka zuba mai bisa ɗakin da ba a gama daɓe ba?"

Na ce, "Iya, wane ɗaki?"

"Hanjinshi mana. Masu aikin na ciki, daga gindi suka tasowa. Da maiƙon nononki suka shafe bango, ke ko kina ta yi musu ambaliya. Kawo kunnenki, sakarya."

Na kara kunne a cibiyarsa. Jama'a, ba kukan ciki ba ne, na san kukan ciki. Tim, tim, tim, irin na mata in suna daɓe, har da amshin waƙa can ƙasa-ƙasa. Na ɗago na dube ta, ita ko tana cin goronta. Da munka isa ta sauka ta shige kasuwa, ban ko tambayi sunanta ba. Wurin mai maganin ma ban je ba.

Na koma gida na riƙa ɓoye man shanun cikin zanena, Inna na zaton ya sha. Kullum da hantsi in kara kunne, suna nan suna aikinsu. Ran kwana na tara na kara, shiru. Na ƙwalla ihu, na ɗauka rai ya yi halinsa. Ashe barci yake. Ran nan tsummansa ya fito ba ɗigon mai ko ɗaya.

Ya rayu, yanzu shi ke noma mana gero. Su wa na ji, har yau ban sani ba, kuma ban sake kara kunne a cikin wani jariri ba.

Don Allah, mai bakwaini ta bar shi da nono kawai. In kuma kin ji su, kada ki yi ihu, ki bari su gama.