Kyaftin da Salansar Jirginsa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, aka kira ni ina shagon walda aka ce ka rasu, Kyaftin, bayan jinyar ƙirji. Har yanzu raina a ɓace yake, kuma da kai nake fushin.

Laƙabi ne kawai muka sa maka, ba ka taɓa tuƙa jirgin sama na gaske ba. Naka ƙanana ne na wasa, masu fiffike kamar tsawon hannu, da inji da bai kai dunƙulen hannu ba. Da kake amfani da ƙaramin inji mai si-si biyu da rabi a ma'aunin girman inji, babu wanda ya damu. Da ka koma mai si-si goma sai maƙwabta suka kawo ƙara, wai kukansa na hana su sakat.

Ba ka yi musu da kowa ba. Ka zo wurina na ƙera maka salansa mai rage ƙarar injin. Mai ƙaramin baki ta shaƙe injin, ya yi zafi, farfela ta rasa ƙarfi. Mai faɗi kuma ta bar ƙarar yadda take. Muka yi ta yanka muna liƙewa. Sai ka mayar da gwajin cikin gareji, ka rufe ƙofa da taga don kada a ji.

Na sha shiga in tarar da hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, idanunka jawur, kana tari. Na yi faɗa, uwargidanka ta yi kuka. Ka yi dariya ka ce, "Maƙeri, saura kaɗan mu same ta."

Kai ne mai kwance injin jirginka ka ɗaura wa sabon shiga cikin masu wannan wasa don kada ya koma gida bai tashi nasa ba. Kowa ka tausaya wa, ban da huhunka.

A zaman makoki, maƙwabcin da ya fi kowa ƙorafi ya ce bai taɓa ganin mutum marar hayaniya irinka ba. Na tashi na fita, don kada in faɗi abin da zai ɓata zaman.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka da 'ya'yanka mata. Allah Ya ba su haƙuri, ni ma Ya sanyaya mini zuciya.