Malam Datti Jibrin da Kujerar Bayan Aji

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Datti a shekarar 1944 a Unguwar Sarki cikin garin Kaduna. Mahaifinsa Malam Jibrin kafinta ne, mahaifiyarsa kuwa Malama Kulu. Ya sauke Alƙur'ani a 1957, ya samu shaidar malanta a 1966, kuma tun a lokacin aka san shi da rashin iya zama wuri ɗaya, don ko tuwo a tsaye yake ci.

Aure

A 1969 ya auri Hassana, 'yar Alhaji Lawal maɗinki, suka tare a Abakpa, inda Allah ya albarkace su da 'ya'ya.

Aiki a Kwaleji

A 1981 aka ɗauke shi koyar da lissafi a wata kwalejin koyon sana'a, inda akasarin malamai gwanaye ne a aikin lantarki, gini da kanikanci, amma ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake koyarwa. Malam Datti yakan yi ta kai-komo a baranda yana jin yadda suke karanto littafi ɗalibai na gyangyaɗi, abin yana cin ransa, ga shi kunya ta hana malami ya gyara wa ɗan'uwansa.

A 1983 sai ya ajiye kujera a bayan ajinsa, ya roƙi Malam Ila, mafi ƙarancin shekaru a malaman, ya zauna ya faɗa masa aibinsa. Sau uku Ila yana zillewa kafin ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a gafarce ni, da allo kake magana, ba da ɗalibai ba." Da bakinsa Malam Datti ya ba da wannan labari a ɗakin malamai yana dariya. Ai kuwa kafin shekara ta zagayo malamai goma sha biyu sun ajiye kujera a azuzuwansu, bisa sharaɗi guda: abin da aka gani daga kujerar ba a rubuta shi, ba a kai shi ofis.

Shekarar Rage Ma'aikata

A 1987 umarni ya zo cewa a sallami malamai huɗu, shugaban kwalejin ya nemi Malam Datti ya kawo sunayen masu rauni, tunda ba ajin da bai zauna ba. Ya san su kuwa sarai. Mako guda ya yi ba natsuwa, yana taka sayyada daga Abakpa har Rigasa ba tare da wata buƙata ba, domin ya tabbata ranar da ya buɗe baki babu malamin da zai sake buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa. A ƙarshe ya ce, "Ranka ya daɗe, amana aka ba ni."

Aka cire shi daga aji aka mayar da shi tsaron ɗakin ajiyar kaya, sannan aka sallami waɗanda aka ɗauka aiki daga baya, ciki har da Malam Ila, wanda a lokacin babu kamarsa a iya koyarwa. Wannan ya yi wa Malam Datti ciwo ƙwarai, kuma har ya yi ritaya a 1992 bai daina tambayar kansa ko ya yi daidai ba. Kujerun dai ba a ɗauke su ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 12 ga Maris, 1996, bayan gajeriyar rashin lafiya, aka yi masa sutura a maƙabartar Unguwar Sarki bayan sallar La'asar. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Ɗanjuma, Ramatu, Kaltume da Mamman. Malaman kwalejin ne suka yi ta karɓa-karɓa wajen ɗaukar makara, kowannensu yana kyautata zaton sunansa na cikin sunayen malamai huɗu masu rauni da mamacin ya tafi da su bai faɗa wa kowa ba. Allah ya jiƙansa.